Ladabin da Ya Kashe Zabuwar Inna

Ko da zan manta ranar da aka kai ni ɗakin miji, ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta ce a miƙo mata wuƙa a gaban matan unguwa ba. Har gobe in na ji an ce "ina wuƙa?", ko da albasa za a yanka, sai gabana ya faɗi. Bari in ɗauko muku labarin daga tushe, don ku san ba mugunta ce ta kai ni ba. Ladabi ne, irin mai yawan nan da ba wanda ya nema.

Ni 'yar Zariya ce, aure ne ya kawo ni Birnin Gwari. Ana gobe za a kawo ni, Gwaggona ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa ta yi mini huɗuba. Yawancin abin da ta faɗa ban ji ba, don hankalina yana kan ko lallen ƙafata ya kama. Amma magana ɗaya ta zauna mini daram. Ta ce, "Ki buɗe kunnenki da kyau. Uwar miji ba ta buɗe baki ta ce yi mini kaza. Kara take yi. In ta ce miki bar shi, ki yi. In ta ce kada ki wahalar da kanki, to a nan ne ma za ki ninka. Gwada ki take yi." Na riƙe wannan magana kamar karatun allo, na zo da ita gidan miji tare da kwanukana.

Gidan namu ba yawa. Ni, da maigidan, wanda yake sayar da taki da maganin feshi a kasuwa, sai mahaifiyarsa, Inna. Inna 'yar siririyar tsohuwa ce marar yawan magana, kuma ba 'yar gari ba ce. Ƙauyensu yana can gaba da Randagi, a bakin daji, a can aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta binne mijinta. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, mutanen ƙauyen suka watse, ta bar rumbunta da awakinta da ɗakinta ta taho wajen ɗanta. Abin da ta fito da shi bai wuce kayan jikinta ba, sai wani tsiro da ta tuge a bayan ɗaki ta ƙulle a cikin tsohon buhu.

Tsiron nan shi ne wanda 'yan boko suke kira alobera. Inna kuwa ba ta san shi da wani suna ba sai zabuwa, saboda fararen ɗigo-ɗigon da ke jikin ganyensa irin na zabo. Ganyen masu kauri ne, da 'yan ƙayoyi a gefe, in an yanka sai wani ruwa mai yauƙi ya fito, mai ɗacin da zai sa mutum ya tuna da zunubansa. Matan unguwa ba su rabuwa da gidanmu saboda ita. Wadda yaronta ya ƙone a murhu ta zo a yanka mata ganye, mai ƙuraje ta zo, amma babbar kasuwarta ita ce yaye. Mace ta shafa ruwan a nono, yaro ya kama sau ɗaya ya ji abin da ya ji, shi ke nan ya koma wa kunu da kansa. Inna ta gaya mini uwarta ce ta dasa mata ita a bayan ɗaki ranar da aka kai ta gidan miji. Ta ce a ƙauye 'ya'ya take fitarwa ta ko'ina, amma tun da suka zo gari ko ɗa ɗaya ba ta yi ba. "Ba ta saba da garin ba tukuna," in ji ta, "kamar ni."

Abin da ya dame ni tun farko shi ne yadda aka wulaƙanta baiwar Allahn nan, zabuwar nake nufi. An dasa ta a wata tsohuwar tukunyar ƙasa mai tsaguwa a gindi, cikin yashi da tsakuwa, an jingine ta a bangon da rana ta fi duka. Ban taɓa ganin Inna ta zuba mata ruwa ba sai jefi-jefi, shi ma ɗan kaɗan, kamar mai ba da rance. Na ce a raina lallai tsufa ya zo, abin da take so haka amma ba ta da ƙarfin kula da shi.

Ita kanta Innar, na ɗora mata huɗubar Gwaggo tun daga ranar farko. In ta ɗauki tsintsiya na fizge. In ta nufi rijiya da buta na riga ta. Ta zauna za ta tsince wake, sai na janye tiren na ce, "Haba Inna, ina raye?" Kullum sai ta ce, "'Yar nan, bar shi mana, ai zan iya." Ni kuma in ce a raina, yauwa, ga gwajin ya zo, in ƙara ƙaimi. Har ta kai Inna ba ta da aikin yi a gidan sai zama a kan tabarma tana kallon bango, ni kuwa ina ta yi wa kaina kirari, ina cewa duk Birnin Gwari babu surukar da ta kai ni.

Ana nan sai yanar ido ta matsa mata. Ta fara gaishe da turmi tana zaton maƙwabciya ce. Maigidan ya shirya da ƙanwarsa da ke aure a Kaduna a kai ta can a yi mata aiki, ido ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a can har ta warke. Ƙarshen damina ne. Ranar tafiya, an fitar da jakarta, sai ta je ta tsuguna gaban tukunyar ta shafa ganyen da hannu, ta daɗe. Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, zan kula miki da ita kamar 'yar cikina."

Ta ɗago da sauri. "A'a, 'yar nan. Ki bar ta kawai. Ko kallonta kada ki yi. Kada ki wahalar da kanki."

Jama'a, kun ji fa. Bar ta, da kada ki wahalar da kanki, duka biyun a numfashi ɗaya. Muryar Gwaggo ta tashi a kunnena kamar lasifikar masallaci. Na ce lallai wannan shi ne babban gwajin, sauran duk sharar fage ne.

Motarsu ba ta bar tasha ba na fara aiki. Na tuge zabuwar daga matsiyaciyar tukunyar nan, na ɗauko sabon bokitin roba ja daga cikin kayan aurena (marar huji ko ɗaya, don kada ruwa ya riƙa zurarewa a banza), na cika shi da baƙar ƙasa mai kyau haɗe da kashin kaji, na dasa ta. Na ɗauke ta daga rana na kai ta inuwar rumfa kusa da randa. Safe ruwa, yamma ruwa. In na wanke shinkafa na juye mata ruwan, don na gani a waya an ce yana sa tsiro ƙiba. In na yi alwala, a kanta. Da maigidan ya dawo daga Kaduna, na lallaɓa na ɗebi takin zamani a buhun da ya ajiye a zaure na barbaɗa mata tafi guda. Matar mai taki guda, a ce tsiron gidanta yana zaune da yunwa? Ai abin kunya ne.

Da farko kamar abin arziki. Ganyen suka kumbura suka yi ɓul-ɓul, na riƙa zagaya ta ina murmushi, ina hango yadda Inna za ta sa mini albarka a gaban mutane. Sai na ga gindin ganyen ya fara yin rawaya. To ni a sanina, in tsiro ya yi rawaya ƙishirwa ce. Na ƙara ruwan azahar. Ganyen suka fara kwantawa. Na ce rana ce take leƙo ta, na lulluɓe ta da tsohon mayafi. (Ku yi dariyarku, ni ma yanzu yi nake. A lokacin kuwa har addu'a nake tofa mata.)

Wata safiya maigidan ya fito yana toshe hanci, ya ce, "Wai ɓera ne ya mutu a gidan nan?" Ya duba bayan randa, ya duba ƙarƙashin turmi, bai ga komai ba ya tafi kasuwa. Ni kuwa jikina ya ba ni. Na ɗaga mayafin. Na taɓa ganye ɗaya sai ya biyo hannuna, luguf, kamar dafaffiyar kuɓewa. Na taɓa na biyu, shi ma haka. Ƙasar bokitin ta zama taɓo, har da 'yan ƙwari suna iyo. Na zauna daɓas a ƙasa na ɗora hannu a ka. Abin da ya tsallake 'yan bindiga, ya yi tafiya a cikin buhu ba ƙasa ba ruwa, ni na gama da shi da ruwan shinkafa.

Na yi kuka na gaske, ba na wasa ba, don na san abin da tsiron nan yake nufi a wajen Inna. Ba ta da hoton uwarta, ba ta da ko ludayi daga ɗakinta na ƙauye. Wannan kaɗai ne. Da na gama kukan sai tsoro ya karɓi wurin tausayi, tsoro kuwa ba ya ba da shawarar kirki. Na kinkimi bokitin na zaga bayan kicin, inda ragowar tsakuwa da yashin gini suke jibge ba mai zuwa, na kife shi a can. Na wanke bokitin da omo har sau ba adadi, na maida shi cikin kayan aure kamar bai taɓa aikata komai ba.

Sai neman madadi. Na tare wani dattijo mai kawo mana itace, na tambaye shi a wayance ko ana samun zabuwa a nan kusa. Ya ce, "Amarya, ai a kan duwatsun cikin daji tana nan birjik. Amma wa zai shigar miki can yanzu? Mu ma a baki-baki muke tsintar itacen, muna waige." Na ce Allah ya kyauta. Tambayar maƙwabta kuwa ba ta taso ba, don duk unguwar da ta Inna suka dogara, kuma in na buɗe baki da safe, kafin azahar labari ya isa Kaduna. Na ba wani direba saƙo ya samo mini a wajen masu sayar da furanni a Kaduna, ya ce to, kullum in na aika sai ya ce ya manta.

Ana cikin haka na shiga kasuwa, na bi ta wani shagon da ake sayar da kayan jeren amare, labule da agogon bango da furannin roba. A can saman kanta na hango ta. Koriya shar, ganye masu kauri, har da ƙayoyin a gefe. Ta roba. Wallahi ji na yi kamar an yi mini bushara. Na saya na dunƙule a hijabi na kawo gida. Matsala ɗaya, ba ta da ɗigo-ɗigon zabuwa. Na ɗauko farin fentin farce da tsinken ashana, na rufe ƙofa, na wuni ina ɗiga mata ɗaya bayan ɗaya, ina ja da baya ina dubawa kamar mai zanen lalle. Na dawo da tsohuwar tukunyar da yashinta da tsakuwarta, na kafa ta a ciki, na jingine a bangon nan na rana, har na watsa mata 'yar ƙasa don ta rage sheƙi.

Lissafina shi ne ta riƙe wurin kafin direba ya tuna. In ma Inna ta riga shi dawowa, ai ba gani take yi sosai ba, matar da take gaishe da turmi. (Eh, na sani. Kun riga ni ganowa. Matar da aka kai Kaduna takanas don a gyara mata ido. Ni kaina har yau ina mamakin inda na ajiye hankalina a lokacin.)

Maigidan ya dawo da yamma ya wuce ta gabanta, ya tsaya, ya ce, "Kai, zabuwar Inna ta yi kyau. Sannunki da ƙoƙari." Na ce, "Yauwa," ina kallon ƙasa. Daga ranar na san namiji zai iya zama da kujera a matsayin akuya shekara guda bai lura ba.

Wadda ta kusa tona ni ita ce Maman Ishaku. Bagwariya ce, Kirista, 'yar ƙauyen su Inna, tare suka gudo, tana zaune bayan layinmu, kuma Inna tana ji da ita kamar 'yarta. Ta shigo wata rana da Ishakun a goye, ƙato da shi, haƙora cike da baki. Ta ce, "Amarya, ki taimake ni da ganye ɗaya. Yaron nan zai cinye ni da rai. Cizo yake yi yanzu, ba sha ba." Na sha gabanta da sauri na tare hanyar bangon, na ce ai Inna ta bar wasiyya kada a taɓa ko ƙaya ɗaya sai ta dawo. Ta ce, "To, maganar Mama ai ba a tsallake ta. Zan jira." Ta tafi tana jira, Ishaku yana ci gaba da cizo, ni kuma alhakinta yana hawa kaina.

Direba bai tuna ba har Inna ta dawo.

Ranar gidan ya cika maƙil da mata 'yan barka da arziki. An shimfiɗa tabarmi, na yi zoɓo, na soya wainar fulawa. Inna ta shigo da baƙin tabarau irin na masu aikin ido, tana takawa da kanta ba mai riƙe ta. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ashe wushirya gare ki? Duk zaman nan ban sani ba." Mata suka yi shewa. Ta ɗaga kai ta ce, "Ga yanar gizo can a kusurwar rumfa." Aka sake shewa ana Allah mai iko. Ni kuwa kowace shewa sai na saci kallon bangon. Matar da take hango yanar gizo a saman rumfa, ina ga fentin farce?

Na yi dabara na shimfiɗa mata tabarma ta ba bangon baya. Ba ta zauna ba sai da ta juya. Daga nesa, ta cikin baƙin gilashi, ta hango tukunyar. Fuskarta ta washe yadda ban taɓa gani ba. Ta ce, "Allah sarki, ga ta nan. Har ta fi yadda na bar ta. Kullum a asibiti ita nake tunani." Ta juyo gare ni. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Albarkar da na yi ta mafarki ke nan, a gaban mutane, yadda na tsara. Na amsa da amin, muryata kamar ta ɗan tsako.

Sai Maman Ishaku ta matso. "Mama, sannu da dawowa. Ni fa ke nake jira. Amarya ta ce kin bar wasiyya kada a taɓa zabuwa, ga shi yaron nan ya kusa gama da ni."

Inna ta ce, "Wasiyya kuma? Ni?" Ta ɗan dube ni, ta kawar da kai. "To, ai ga ni. A miƙo mini wuƙa."

Na so ƙasa ta tsage. Na ce wuƙar ta ɓace. Wata ta ce ga ta can a kan turmi. Na ce Inna ta huta tukuna, ta sha zoɓo, likita ai ya hana ta sunkuyo. Ta ce likita bai hana ta tsuguno ba. Na ce ai yamma ta yi, ba a yankan zabuwa da yamma. Mata suka dubi juna, don ba wadda ta taɓa jin wannan dokar, ni ma a lokacin na fara jin ta. Inna ta karɓi wuƙa ta nufi bango, matan suka bi ta, ni ma na bi kamar akuyar da ake ja kasuwa.

Ta tsuguna ta kama ganye ɗaya. Na ga hannunta ya tsaya. Ta murza shi da yatsu. Ta ɗora wuƙa a hankali, sai ga wata ƙara, ƙiiiƙ, irin ta sabon takalmin roba. Iya Asabe, wata dattijuwar maƙwabciyarmu da ba ta iya ganin abu ta ƙyale, ta ce, "Wuƙar amaren zamani ke nan, ko tumatir ba ta yankawa. Kawo in karya miki da hannu." Kafin kowa ya yi magana ta cafki ganyen ta lanƙwasa. Ya lanƙwasu, ta sake, ya miƙe tsaf. Ta ce, "A'a!" Ta sa hannu biyu ta fizga da ƙarfi. Zabuwa ta fito gaba ɗayanta, ba saiwa ba komai, sai wata 'yar waya a gindi tana lilo. Iya Asabe ta tafi da baya ta zauna a cikin tiren waina.

Ana cikin haka ne Ishaku ya zame daga hannun uwarsa, ya ɗauki abin daga ƙasa, ya cusa ganye ɗaya a baki. Kowa ya zuba ido yana jiran ihun ɗaci. Yaro ya tsotsa, ya tauna, ya cire ya duba, ya washe baki yana dariya, ya mayar. Ɗigo-ɗigon da na wuni ina yi suka ɓare suka manne masa a leɓe da kumatu. Uwarsa ta ce, "Yesu! Yaron ne ya koma zabuwar."

Ai sai gida ya kece. Wata tana riƙe ciki, wata tana dukan tabarma, Iya Asabe tana cire waina daga zaninta tana cewa, "Roba! Wallahi roba ce! Har da kwalliya aka yi mata!" Ni ina tsaye ina fata a ce mafarki ne.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Inna ta cire tabarau a hankali ta dubi tukunyar da ba komai a cikinta sai yashi. Dariyar ta mutu da kanta. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a take irin haka ba, kuma wannan ya fi mini dariyar matan ciwo nesa ba kusa ba. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ina take?"

Na durƙusa na zayyana komai ina kuka, bokiti da kashin kaji da ruwan shinkafa da taki da mayafi. Har huɗubar Gwaggo sai da na tona. Inna ta saurara har na gama, ta girgiza kai ta ce, "'Yan bindiga ba su kashe ta ba. Fari bai kashe ta ba. Sai ladabinki." Ta miƙe. "Kai ni inda kika zubar da ita, in gan ta da idona, tun da an ba ni idon."

Muka zaga bayan kicin, ayarin mata a bayanmu. Ban taɓa komawa wurin ba tun ranar, don ba na son haɗa ido da gawar. Ga dunƙulen ƙasar nan ya bushe ya farfashe a kan tsakuwa, ga ruɓaɓɓun ganyen sun zama kamar busasshiyar fata. Inna ta tsuguna ta sa tsinke tana tonawa, tana kawar da busassun. Can sai ta tsaya. Ta ce, "Zo nan." Na matso ina share majina. A gefen tsohon kututturen, inda ya fi samun rana, wasu 'yan ƙananan kawuna ne koraye suka leƙo, ba su kai tsawon yatsa ba, kowanne da ɗigo-ɗigonsa na Allah da Annabi, ba na fentin farce ba.

Inna ta rufe baki da hannu. Hawaye suka zubo daga sababbin idanun nan, tana dariya tana kuka. Ta ce, "Ta haihu. Ashe ta haihu." Maman Ishaku ta tsuguna kusa da ita su biyu suna kallo, suna magana ƙasa-ƙasa a kan ƙauyensu, da bayan ɗakin Inna, da wani dutse da zabuwa ta rufe. Ba wadda ta sake dariya sai da Iya Asabe ta ce, "To, Amarya, da kin ƙara kwana biyu kina kula da ita, da ko jikokin ba a samu ba."

Da mata suka watse, Inna ta dasa 'ya'yan da hannunta a tsohuwar tukunyar, cikin yashi da tsakuwa, ba ta ba su ko ɗigon ruwa ba. Na zo zan karɓi tukunyar in ɗaukar mata, ta riƙe ta gam. Ta ce, "'Yar nan, zauna ki ji. Gwaggonki ta san surukan Zariya, ni ba ta san ni ba. Ni in na ce bar shi, bar shi nake nufi. Ita wannan ruwanta a cikinta yake, rana take so da a ƙyale ta. Ni ma tun da na zo gidan nan a inuwa kika ajiye ni kina ta zuba mini ruwa. Saura kaɗan in fara wari." Ta miƙa hannu. "Ba ni tsintsiyata."

Na ba ta. Washegari da safe ina kwance na ji sharar tsakar gida, ƙafata tana ƙaiƙayin tashi, na danne ta da filo. Yanzu Inna ce mai tsince wake, ita ke zuwa kasuwar gyaɗa da ƙafarta, har ta yi kumatu. Zabuwa ta cika tukwane, kuma ɗiya ta farko da aka cire Maman Ishaku aka ba, duk da shi Ishakun ya riga ya yaye kansa, ya gaji da jiranmu.

Abin da na koya shi ne, in tsohuwa ta ce bar shi, yanzu tambaya nake yi, "Inna, bar shi na gaske, ko na kara?" Kuma duk abin da na ga yana zaune lafiya a cikin tsakuwa, ba na kai masa agaji sai ya nema.

Ta robar kuwa Inna ba ta bari an yar ba. Ta wanke ta, ta dasa ta a jan bokitin nan da kanta, ta ajiye a ƙofar ɗakina. Ta ce, "Wannan taki ce. Duk ranar da ladabi ya taso miki, ga ta nan, ki yi ta ba ta ruwa."